Kwaɗon Sau Uku

Sau Uku ake ce masa a layin, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara ashirin da shida yana yankan makulli da gyaran kwaɗo a wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga, amma ba a taɓa ganin ya rufe shagon nan ya wuce kai tsaye ba. Zai datse kwaɗo, ya ja shi sau uku, ya taka har gindin falwayar wuta da ke kwanar layi, ya tsaya jim, ya dawo ya sake ja sau uku. Ran da abin ya motsa sosai kuwa sai ya isa gida, ya cire takalmi, sannan ya mayar ya komo. Mai Agogo, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa, shi ya laƙaba masa sunan, sunan ya bi shi har cikin gida. Ko matarsa, Malama, wadda ke koyar da 'yan aji uku a firamare, in tana neman tsokana da shi take kiransa.

Mutanen layi dariya suke yi, shi ma yana taya su. Abin da ba su gani shi ne abin da ke tafasa a ƙirjinsa tsakanin shago da falwaya.

Ciwon ya soma ne yana ɗan shekara talatin, bai daɗe da buɗe shagon ba. Kada a tambayi dalili, domin babu. Ba a yi masa rasuwa ba, ba a kore shi daga aiki ba, aure lafiya lau, yara lafiya lau. Kawai wata safiya ya tashi gabansa na faɗuwa kamar an aiko masa da mugun labari, labarin kuma bai iso ba, ran nan da washegari da shekarar da ta biyo baya. Bayan fargabar sai ƙuncin ya zo. Shi wannan ba ya hayaniya. Sai dai mutum ya kwanta ya juya wa ɗaki baya, buta ta gagare shi ɗauka, abinci ya koma masa kamar takarda a baki, 'ya'yansa na wasa a tsakar gida yana jin muryarsu kamar daga wani gida.

Dangi sun zo, kowa da nasa maganin, kuma duk a baki yake. Wannan ya ce ya cika sa abu a rai. Wancan ya ce rashin godiya ne, me ya rasa? Yayansa ya tsaya a kansa ya ce, "Haba, namiji da kai! Tashi ka watsake mana." Ni dai har yau haushin maganar nan nake ji. Da ƙafa ce ta karye masa ba wanda zai ce ya tashi ya watsake, da kansu za su ciccibe shi. Shekara tara ya yi a haka kafin Malama ta gaji da jin shawarwari, ta ɗauki hutun kwana ɗaya a makaranta, ta sa shi gaba har asibiti. Likitar da suka samu mace ce marar yawan magana. Ta saurare shi ya fi rabin awa, sannan ta ce ciwon damuwa ne da fargaba, suna da suna, suna da magani, kuma zama ake yi da su kamar yadda ake zama da hawan jini. A gabanta ya fashe da kuka, don ran nan ne aka fara gaya masa cewa ba lalacewa ya yi ba.

Daga nan ya tsara rayuwarsa yadda ya iya tsara shagonsa. Ƙwaya ɗaya kowace safiya bayan shayi. Ganin likita duk wata. Zagaye layin da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Ranakun ƙunci ba su daina zuwa ba, sai dai ya yi musu suna daga sana'arsa. Zai dubi Malama ya ce, "Yau ya cije." Ita ta san nufinsa, domin sau da yawa ta ji yana gaya wa masu kawo gyara cewa kwaɗo in ya cije ba a murɗa shi da ƙarfi, makulli ne zai karye a ciki; ɗigon mai ake sa masa a jira. A irin ranar nan abu ɗaya aka ɗora masa: ya buɗe shago ya goge makulli ɗaya da magagari, ko da na wofi ne. Mai Agogo kuma in ya gan shi ya shigo kai a ƙasa sai ya rage rediyo, ya ajiye tsokana sai wani jiƙon. Fargabar kuwa, likita ta koya masa ƙirga numfashi, shi kuma ya mayar da abin nasa. Akwai wani tsohon makulli mai haƙora biyar da ba ya rabuwa da aljihunsa. In ƙirji ya ɗauki bugu sai ya sa babban yatsa yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kowane haƙori numfashi ɗaya.

Da wannan ya riƙe gida, ya yi wa 'ya'ya huɗu karatu. Abu ɗaya ne ya gagare shi, fita gari. Shekara goma sha huɗu rabonsa da ya bar garin. Shekara uku da suka wuce ya gwada, ranar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kammala karatun harhaɗa magunguna a wani gari mai nisan awa huɗu. Ya sa sabbin kaya, ya shiga mota, amma ba su ko fita gari ba zuciyarsa ta ce masa bai datse kwaɗo ba. Ya san ya datse. Ya ja sau shida. Duk da haka ya buga jikin mota aka tsaya, ya sauka, ya koma ya tarar da kwaɗo a datse daram. Bikin a hoto ya gan shi: Auta cikin doguwar riga, Malama a dama, gefen hagu ba kowa. Mako uku ya yi kwance bayan nan. Auta ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, wannan ne ma ya fi yi masa ciwo.

To, ana nan sai ga waya ranar wata Talata da hantsi. Auta ce. Ta kama shago a garin can, za ta buɗe kantin magani nata na kanta, an yi fenti, an kafa kantoci, saura ƙofa.

"Baba, masu duba kanti sun ce sai an sa makulli mai kyau kafin a ba ni izini. An kawo min mutum biyu na ce su tafi."

"Me ya sa? Ba su iya ba?"

"Oho, ban ma bari sun taɓa ba. Ni ba wanda zai sa min makulli a ƙofata sai kai."

Ya sa yatsa a aljihu, yana bin haƙoran makulli. Can ta ce a hankali, "In ba zai yiwu ba, ba komai, Baba. Wallahi ba komai."

"Ɗauko abin awo," in ji shi. "Auna min kaurin ƙofar. Ba daga sama ba, daga tsakiya!"

Kai, mako biyun da suka biyo baya layin bai huta ba! Sau Uku ya zama wani mutum. Duk wanda ya kawo yankan makulli sai ya ji labarin kantin Auta, da faɗin ƙofar, da kaurinta, da irin ƙarfen da aka yi ta da shi. Mai wanki da guga ya ji labarin sau biyar, har ya soma ƙarasa masa. Ya sauko da makullin ƙofa uku daga saman kanta, ya kwance kowanne, ya raina biyu, ya zaɓi ɗaya mai nauyi, ya wanke cikinsa, ya sa mai, ya yanka masa 'ya'ya huɗu, ya zauna yana goge su da magagari har suna sheƙi. A gida Malama ta kama shi yana waƙa a banɗaki, abin da rabonta da ji tun suna amarci, ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ta kasa gaba ta kasa baya.

Mai Agogo kuwa ya samu abin yi. "Mutumina, awa huɗu fa! In ka tuna kwaɗo a hanya, a ƙafa za ka dawo ko in aiko maka da keke?"

"Kai dai gyara agogon mutane. Na bangon shagonka ma minti goma yake baya."

"Da gangan na yi, don ya jira ka ka gama ja."

Ba wai tsoron ya tafi ba ne. Yana nan, murna ce kawai ta fi shi baki. Ya je wurin likita ba ranar zuwansa ba, suka tsara tafiyar tare: kujerar bakin taga, ruwa a hannu, Malama a gefe, magani a aljihun gaba. Likitar ta ce, "Fargabar za ta zo, kada ka yi mamaki in ta zo. Ba sai ta tafi za ka isa ba." Ya maimaita maganar a ransa har gida.

Ranar tafiya da sassafe suka ɗauki tasi, suka biya ta shago don ɗaukar akwatin kayan aiki. Layin bai gama farkawa ba, Mai Agogo bai fito ba.

A nan sai an san wata ɗabi'a ta Sau Uku. Huɗubarsa ga duk mai sayen kwaɗo ɗaya ce: kada ka buɗe kwaɗo ka bar shi rataye a ƙofa. Ɓarawo na iya zuwa ya musanya shi da irinsa sak, kai ka datse nasa da hannunka ka tafi gida, shi kuma makulli na aljihunsa. Saboda haka shi kansa, kullum ya buɗe shago, sai ya cire kwaɗon ya jefa cikin akwatin kayan aiki da ke ƙarƙashin tebur, in zai tashi ya ɗauko. Shekara ashirin da shida hannunsa na yin haka ba tare da ya shawarce shi ba. Ran nan ma haka hannun ya yi. Ya jefa kwaɗo a akwati, ya ɗora sabon makullin Auta a kai, ya rufe, ya sungumi akwatin. Yana fitowa waya ta yi ƙara, Auta ce. "Baba kun taso? Da gaske kun taso?" Ya maƙale waya a kafaɗa, akwati a hannu ɗaya, jaka a ɗayan, mai tasi na ta danna oda, ya tura ƙofar ƙarfe da ƙafa ta rufu gam, yana dariya yana cewa, "Ga mu nan, ga mu nan, ki dafa shayi!" Ya faɗa mota.

A tasha suka shiga babbar mota, ta tashi, suka wuce inda ya sauka wancan karon. Ya dubi wurin ta taga, ya dubi Malama, ta yi kamar tana gyara mayafi. Gari ya ƙare, gonaki suka soma. Sau Uku ya manne da gilashi kamar wanda aka sako daga ɗaki. "Malama dubi gada! Yaushe aka yi gada a nan?" Ta ce shekara goma ke nan. "Kai! Ba wanda ya gaya min!" Gabansa na bugawa, yatsansa na kan haƙoran makulli, amma bakinsa har kunne.

Akwai wani dattijo a kujerar gefe da ya yi kuskuren tambayar me ke cikin akwatin. Nan take ya ji tarihin kantin Auta daga tushe. Da aka zo kan makulli, Sau Uku ya ce ai gani ya fi, ya ɗora akwati a cinya, ya buɗe, ya ɗaga sabon makullin sama yana juya shi. Sai idonsa ya sauka ƙasan akwatin.

Kwaɗon shagonsa ne kwance a kan filaya, baki buɗe.

Bai yi ihu ba. Hannunsa ne ya saki, Malama ta cafe makullin kafin ya faɗi. Gumi ya karyo masa, kunnuwansa suka toshe, motar ta yi masa ƙanƙanta. Shekara ashirin da shida zuciyarsa na yi masa ƙarya cewa bai kulle ba, yau ga shi ta faɗi gaskiya. Awa ɗaya da rabi shagon na buɗe: injin yankan makulli, kwaɗuna, da makullan gidajen mutane da aka bar masa amana rataye a ƙusa.

"Malama," ya ce da wata murya da ba tasa ba. "Ban kulle ba."

Ta leƙa akwatin, ta dafe baki. "Wayyo ni! Na ga ba ka ja ba, wallahi na gani. Na ɗauka sau ɗaya ka datse ka taho, murna ta hana ni magana."

Direba ya ce saura kaɗan a isa inda ake tsayawa shan ruwa. A nan motocin komawa suke lodi, kowa ya sani. Malama ta kama hannunsa, abin da ba ta saba yi a gaban mutane ba. "Baban Auta, in ka ce mu sauka mu koma, za mu koma. Ba zan yi fushi ba, ita ma ba za ta yi ba. Amma bari mu kira Mai Agogo tukuna."

Ita ta danna waya ta kara masa a kunne.

"Sau Uku! Har ka tuna? Ai na ce..."

"Shagona a buɗe yake."

"Kullum ma haka kake cewa."

"Kwaɗon na hannuna."

Aka ji ƙarar kujera, aka ji takun silifa, aka ji ƙofar ƙarfe ta yi ƙara. Sai dariya ta ɓarke a wayar, irin wadda mutum ke riƙe ciki, har dattijon gefe na jiyowa. "La ilaha! Mai wanki, zo ka gani! Sau Uku ya zama Ko Ɗaya!" Da ƙyar ya tsagaita. "Tsaya in duba maka. Inji na nan. Makullan mutane na nan a ƙusa, goma sha ɗaya."

"Goma sha ɗaya ne."

"To ba abin da ya shiga sai ƙuda. Yanzu a ina zan samo kwaɗo? Mai sayarwa ɗaya ne a layin nan, kuma ya gudu."

"Kanta ta biyu, hannun dama, mai jan kwali. Ba na ƙasa ba, na ƙasa na banza ne."

"Au, na banzan kake sayar mana?" Aka ji ƙas. "Na datse. Na ja." Muryar ta sauya, tsokanar ta fita daga cikinta. "Sau ɗaya na ja, kuma ya kama. Zan jawo bencina in zauna a bakin ƙofar har ka dawo. Ka je ka sa wa yarinyar nan makullinta, ka ji ko?"

Motar ta tsaya. Sau Uku ya sauka. Can tsallaken titi ga motar komawa, yaran mota na kiran saura mutum biyu. Ya tsaya a gindin wata bishiya, zuciyarsa na ce masa sau ɗaya bai isa ba, Mai Agogo bai san kwaɗo ba, ka je ka taɓa da hannunka. Ya sa yatsa a aljihu. Haƙori na ɗaya. Na biyu. Ya kai na biyar ya dawo farko. Malama na tsaye nesa kaɗan riƙe da robar ruwa. Ya zagaye makullin nan ya fi sau ashirin, fargabar ba ta tafi ba, ta dai daina ƙaruwa. Ya tuna hoton nan, gefen hagu ba kowa. Direbansu ya danna oda.

Ya karɓi ruwan ya sha, ya goge fuska da hannun riga, ya hau motar da ya sauko daga ciki. Dattijon ya matsa masa ya ce, "To Malam, ba ka gama nuna min makullin ba."

Ba zan ce daga ran nan ya warke ba, ƙarya zan yi. Wata biyu bayan haka ya sake cijewa har kwana tara, kuma har gobe yana ja sau uku. Amma ran nan da azahar tasi ta sauke su a gaban wani ɗan shago mai koren fenti, Auta ta fito a guje ba takalmi, ta ƙanƙame shi da akwatin gaba ɗaya tana kuka tana dariya. "Baba ka zo! Mama, ya zo!" Shi kuwa sai cewa yake, "Sake ni in ga ƙofar, sake ni mana," hawaye na bin gemunsa.

Awa biyu ya yi a kan ƙofar nan. Ya auna, ya huda, ya fere, ya ɗaura, ya kwance don wani noti bai kwanta masa a rai ba, ya sake ɗaurawa. Malama na ba Auta labarin kwaɗo, suna dariya har da zama a ƙasa. Da ya gama ya murɗa makulli, ya shige sumul ba ko ƙara. Sannan ya ɗauko tsohon kwaɗon shagonsa daga akwati, ya goge shi da tsumma, ya miƙa mata.

"Ƙara da wannan a sakatar waje. Shekara ashirin da shida bai taɓa ba ni kunya ba. Tunda ya biyo ni, wurinki yake so."

Da yamma suka fito su tafi masauki. Auta ta murɗa makulli, ta datse kwaɗon, ta ja shi. Ta sake ja. Yana tsaye a bayanta yana kallon hannun nan, bai taɓa sanin ta ɗauka ba, ashe tun tana ƙarama take kallonsa. Ta kai hannu za ta ja na uku, ya riƙe mata wuyan hannu a hankali.

"Ya isa, Auta," ya ce. "Ni na sa shi. Mu tafi."